Yoyon Wuta Ya Kai Ni Kwatano

Tun ranar da na sauko daga kwalekwale na taka ƙasar Gaya, ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk fadar hira da na zauna sai wani ya ce, "Injiniya, yaya Kwatano? Ka ga teku? Wai da gaske sai da ka je can aka koya maka wanki?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowa ya ɗauka sai ya ƙara masa nasa gishiri. Jiya na ji wani yana cewa wai kulle ni aka yi a Malanbil. To, ga shi nan daga bakin mai shi, wanda ya ƙara wani abu shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamidu. Ina da shagon gyara kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Ina gyara rediyo da sikeli da lasifikar masallaci. Sunan Injiniya mutane ne suka laƙaba mini, ni kuma ban hana su ba, ko da yake a aji shida na yi sallama da lakwal, wato makarantar boko.

Surukata Inna Hajo, mahaifiyar matata Zuwaira, ita ce shugabar matan da ke gumin shinkafa a unguwarsu a Tanda. Su jiƙa, su turara, su shanya, sannan a kai inji. Shanyar nan ita ce wuyar aikin. Idan shinkafa ba ta bushe ba aka ɗura a buhu, ta yi funfuna. Idan ta wuce kima a rana, inji ya kakkarya ta ta koma tsaki. Masu saye na zamani kuma lamba suke so a nuna musu, ba su yarda da "ai ta bushe" ba. Da na ji haka a wurin wani suna, sai bakina ya riga hankalina, na ce zan haɗa musu na'urar da za ta auna buhu takwas a zama ɗaya.

Dabarar ba ta da wuya. Ana soka ƙusa biyu a buhu, a tura musu ɗan kuran, wato wutar lantarki. Shinkafa mai danshi tana barin wuta ta wuce, busasshiya kuwa sai 'yar ƙanƙanuwa. Allura ɗaya gare ni ta awo, buhu kuma takwas, don haka na sa makunni a tsakani. Ba irin wanda ake dannawa da yatsa ba. Wata 'yar baƙar aba ce mai ƙafa goma sha shida kamar kyankyaso, mu masu gyara muna ce mata sirkwi. A cikinta akwai ƙofa takwas, ta buɗe ɗaya ta rufe bakwai, allura ta karanta buhun da aka buɗe masa. Na saka komai a baƙin akwati, na rubuta sunana a jiki da farin fenti.

Da safe na'urar tana faɗin gaskiya. Da rana ta take kuwa, duk buhun da aka soka sai ta ce da sauran danshi. Matan suka ce shinkafar ta bushe, Inna Hajo ta ce a bi abin da na'urar surukinta ta faɗa. Aka ƙara kwana uku ana shanya. Da aka kai inji, aikin mata goma sha biyu ya fito tsaki, mai saye ya duba ya juya motarsa.

Sai ga aike daga Inna. Ƙwarya ɗaya ta aiko cike da tsakin, da saƙo ta bakin Zuwaira: "A ba Injiniya ya ɗanɗana." Zuwaira kuma ta dafa mini shi kwana bakwai a jere, ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Na yi ta bincike har na gane cewa wuta na zurarowa ta ƙofofin da ke rufe tana shiga awo. Nan take na yanke hukunci: sirkwin jabu ce. Laifi ba zai zama nawa ba. Magani shi ne in je inda jiragen ruwa ke sauke na gaske. Maƙwabcina Alhaji Mamman, dillalin albasa, yana shirin sauka Kwatano, sai na ce zan bi shi.

A lokacin gadar kan iyaka a rufe take, sai ta ruwa. Muka shiga kwalekwale da azahar, mu da buhunan albasa da babur biyu da wata tunkiya da ta ƙudura cewa ƙafata ce wurin zamanta. Ni ɗan Gaya ne, amma iyakar sanina da kogin shi ne in ci kifinsa. Na rungume akwatina ina karanta duk abin da na haddace, har mai tuƙi ya ce, "Malam, rage murya, kana tsorata tunkiya."

A ɗaya gaɓar wani ma'aikaci mai kaki ya ce in buɗe kayana. Ya ga baƙin akwati, wayoyi na lilo, kowace da ƙusoshi a baki. Ya ja da baya taku biyu. Ban ga laifinsa ba, ko ni na ga wani da irin wannan kaya zan canza hanya. Ya tambaya mene ne, na ce na'urar auna danshin hatsi ce. Ya ce in nuna.

Kusa da mu wata mata 'yar ƙabilar Dandawa tana cinikin buhun masara da wani mutum. Ban nemi izini ba na soka ƙusoshina. Rana tana tsaka, allura ta tashi tsaye ta ce masarar jiƙe take sharkaf. Mai saye ya leƙa, ya saki bakin buhun. Matar ta juyo kaina. Da ma ban iya Dandanci ba da na huta, amma kaf na ji. Ta ce masarar bara ce, ta bushe har ɓera na karya haƙori a kanta, ta kuma faɗi ra'ayinta game da ni da wanda ya koya mini aiki. Alhaji Mamman ne ya shiga tsakani ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, na'urar ba ta da lafiya, asibiti za mu kai ta." Ma'aikacin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce abin da bai iya gane busasshiyar masara ba ba zai iya cutar da kowa ba, mu wuce.

Muka kwana a Malanbil a rumfar 'yan albasa. Wanda bai taɓa kwana a kan buhun albasa ba, ina ba shi shawara ya bar abin a haka. Washegari bayan asuba muka shiga babbar mota mai zuwa kudu.

Har Kandi ban ji na bar gida ba. Gero ne, dawa ce, Fulani da shanunsu, ga auduga jibge a bakin hanya. A Paraku aka tsaya cin abinci, na ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun da suke kira wagashi, na yi santi har Alhaji ya taka mini ƙafa. Dandancina yana aiki, ina gaisawa da kowa, ina ji da kaina kamar wanda ya saba yawon duniya.

Daga nan ne ƙasa ta fara canza fuska. Itatuwa suka yi duhu, masallatai suka ragu, na gaida wata mai lemu da Dandanci ta dube ni kamar na yi atishawa. Sai Faransancina na aji shida, wanda ya daɗe a ajiye har ya yi tsatsa. A wani gari da muka tsaya bayan la'asar, mata suka yanyame tagogi da tsire a tsinke. Na sayi biyu, nama mai ɗan tauri da yaji, na ɗauka ƙundun kaza ne. Na cinye na ce wa Alhaji kajin ƙasar nan sun fi namu ƙundu. Ya bari sai da na lashe yatsa sannan ya ce, "Dodon koɗi ne."

Na ce, "Alhaji, kana gani ka yi shiru?"

Ya ce, "Na ga kana jin daɗi. Ni ma haka aka yi mini."

Masaukinmu a Kwatano yana Zango, gidan wani dattijo, Baba Salisu. Kakansa ne ya zo daga Kabi da fatauci ya zauna. Hausarsa tana nan daram, sai dai ta sha ruwan teku, yana magana yana jefa kalmomin da ban taɓa ji ba. Ɗaki ɗaya muka raba da 'yan albasa huɗu.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a garin shi ne iska. A Gaya ka wanke riga ka shanya, kafin ka idar da sallar azahar ta bushe. A can na wanke tawa ranar Talata, ranar Alhamis tana nan da sanyinta. Ƙuliƙulin da Zuwaira ta ƙulla mini ya yi laushi kamar tuwo. Mutum yana zaune bai yi komai ba zufa na bin bayansa.

Sai 'yan kabu-kabunsu, da suke kira zemijan, duk da riguna ruwan ɗorawa. Namu in ka hau sai ya tambaye ka gida da yara da jikin tsohuwa. Nasu kafin ka gama ɗora ƙafa ya tashi, kuma duk ratar da ya gani tsakanin mota biyu ya ɗauka don shi aka bar ta. Mata ma na tuƙa nasu babura, da goyo a baya da kwando a gaba, suna wuce mu.

Gaisuwarsu ma ta ruɗa ni. Duk wanda na haɗu da shi da yamma sai ya ce da Faransanci, "Ka ɗan yi kaɗan?" Ni kuwa tun dodon koɗin nan cikina bai zauna daidai ba, sai na ɗauka Alhaji ya baza labarina a unguwa. Na yi fushi na same shi. Baba Salisu ya yi dariya ya ce ai barka da aiki ce tasu, suna nufin ko an samu ɗan abin da aka samu a yinin.

Kwana biyu da isowa na shiga kasuwa, layin masu kayan lantarki. Na ga abin da ban taɓa gani ba, rumfa bayan rumfa, sirkwi a cikin kwalabe kamar alewa. Na samu irin tawa sabuwa fil, a cikin ledarta. Na dawo masauki ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Na fiddo fer ɗina, ƙarfen da muke narka dalma da shi, na cire tsohuwar na liƙa sabuwar, 'yan albasa sun kewaye ni. Na ce musu su matsa su ga aiki.

Na kunna. Ban soka ƙusa a komai ba, wayoyin na kwance a tabarma, amma allura ta tafi can ƙarshe ta manne. Ko a Tanda ba ta taɓa yin wannan haukar ba.

Ɗaya daga cikin 'yan albasar ya leƙa ya ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce akwai danshi."

Ya ce, "To ai gaskiya ta faɗa. Garin ga duk a jiƙe yake."

Suka yi ta dariya, ni kuwa na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Na bar shago a rufe, na ƙetare ƙasa guda, ga shi na'urar ta fi da lalacewa. Na tuna zan koma in tsaya gaban matan Tanda hannu wofi. Gaskiya har na fara tunanin ko Kwatano na buƙatar mai gyaran rediyo.

Baba Salisu ne ya ce in tashi, akwai wadda ta gyara masa na'urar awon hawan jini, ita ke gyara injunan ɗakunan gwaji na likitoci. Na ce, "Wadda?" Ya ce, "Wadda. Ko kana da wani?" Ba ni da wani.

A ƙofar gidan da shagonta yake akwai wani ɗan tudun ƙasa da aka yi wa rumfar kwano, an zuba masa manja. Na ga wuri ne mai kyau, na ɗora akwatina a kai don in gyara takalmi. Baba ya fizge shi da sauri ya ce wannan abin bautar masu gidan ne, mai tsaron ƙofarsu, ba a ajiye kaya a kansa. Na ba wani tsoho da ke zaune a wurin haƙuri da duk Faransancin da na mallaka. Ya ɗaga hannu ya ce ba komai, baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Sunanta Madam Sidoni. Za ta yi shekara hamsin, gajeruwa, da tabarau rataye a wuya. Shagonta da sanyi, kuma tsaf kamar ɗakin amarya. Na tuna nawa teburin, inda fer da kwanon abinci da tsohon batir ke zaman lafiya tare. Tana magana da Faransanci a hankali, inda na kasa Baba ya fassara.

Na fara yi mata bayani mai tsawo a kan jabun kaya da yadda suka lalata sana'a. Ta buɗe akwatin, ta ciro plaket, wato farantin da ake liƙa kayan a kai, ta kai hanci ta shinshina.

Ta kira ni da Mushe, wato Malam a Faransanci, ta ce, "Mushe Hamidu, kifi kake soyawa a shagonka?"

Na ce, "A'a, Madam. Ci dai nake yi."

Ta sa farantin ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma ta ce in duba. Wallahi na ga abin kunya. Tsakanin ƙafafun sirkwin duk wani kore-koren danƙo ne, ga shatin babban yatsana ɓaro-ɓaro, ga gawar tururuwa ta miƙe daga ƙafa ta uku zuwa ta huɗu kamar gada.

Ta ce, "Da wane mai kake liƙi?"

Na ce, "Wanda maƙwabcina mai gyaran radiyetar mota ke sammini. Yana kama dalma da kyau."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta faɗi wata magana da yarensu wadda Baba ya ƙi fassarawa. Sannan ta ce man nan yana da guba mai cin ƙarfe, yana kuma jan danshi daga iska, in ya jiƙa sai ya zama hanya, wuta ta bi ta kansa ta tsallake ƙofar da ke rufe. Ta ce, "Ka rufe ƙofa da kwaɗo, ka bar rami a ƙarƙashinta, kana zagin maƙerin kwaɗo."

Ta miƙo mini buroshin goge haƙori da kwalbar alkol, ruwan nan mai warin giya da ake goge ciwo da shi, ta nuna mini kujera. Ina da mata da 'ya'ya uku, ana ce mini Injiniya daga Gaya har Kamba, na zauna ina goge faranti kamar mai wankin kwanuka. Na kawo ta ce bai fita ba. Na sake, ta ce bai fita ba. A na uku ta karɓa, ta busar da shi da na'urar busar da gashi, ta kunna. Allura ta kwanta a sifiri lakadan.

Sai ta ce in ba ta tsohuwar sirkwin. Ta mayar da ita da hannunta, da dalma mai tsabta. Allura ba ta motsa ba. Abar da na yi wata guda ina tsine wa, na kira ta jabu a gaban jama'a, lafiyarta lau.

Na ce to shi ke nan, na gode, zan tafi. Ta ce in zauna, rabi muka yi. Ta sunkuya ta hura wa farantin numfashi, allura ta ɗan ɗaga kai ta koma. Ta ce wannan danshi ne. Ta ɗauko na'urar busar da gashin ta gasa sirkwin kaɗan, allura ta fara hawa a hankali.

Ta ce, "Wannan kuma ba dauɗarka ba ce, halin sirkwin ne. Babu makunnin irin wannan da ke rufuwa ruf. Kowanne yana yoyo, zafi kuma yana ninka shi. A rediyo ba za ka kula ba, don wutar da ke wucewa tana da yawa. Amma wutar da busasshiyar shinkafa ke bari ta wuce ba ta kai yoyon ƙofa bakwai ba. A ina kake ajiye akwatin in kana awo?"

Na ce, "A kan buhu."

"A inuwa?"

Na ce, "A rana, Madam."

"Baƙin akwati, a rana, a ƙasarku." Ta dubi Baba ta ce, "Kuma ya zo har nan yana neman mai laifi."

Kwana uku na yi ina zuwa shagonta. Sharaɗinta biyu: in wanke hannu kafin in shiga, kuma kada in shigo da abin ci. Muka sake gina na'urar a sabon faranti. Ta ba ni wani irin makunni mai ƙarancin yoyo, mai hanya biyu, yadda wayar kowane buhu ko tana kan awo ko tana haɗe da mas, wato inda wuta ke zubewa ta tafi, ba a barin ta a sake. Duk abin da ya zuraro daga buhun da ba a aunawa sai ya bi can maimakon ya shiga allura.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zobe. Ta kewaye ƙafar awo da siririn zoben tagulla, ta ce a riƙe shi da ƙarfin wuta daidai da na ƙafar. Ta yi bayani sau biyu ban gane ba, Baba ma ya ce Hausarsa ta ƙare a nan. Ina kallon zanen sai na tuna fadamar Tanda. Na ce, "Madam, kamar fangali biyu na shinkafa? In ruwansu ya yi daidai, ko kunyar da ke tsakani ta tsage, babu wanda zai zubo wa wani?" Baba ya fassara. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Ashe akwai mutum a ciki." A duk tafiyar nan babu maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan.

Da muka gama muka wanke, muka busar, ta shafe farantin da wani siririn verni, wato fenti marar launi, don kada danshi ya sake samun wurin zama. Ta ce in yi wa akwatin farin fenti, in ajiye shi a inuwa. Sannan ta cire ƙusoshin waya ta takwas. Ta ce wannan ƙofar a bar ta babu buhu, kafin kowane awo in fara duba ta, in allura ta motsa a kanta to na'urar ta fara ƙarya, in tsaya.

Na ce, "Madam, ai buhu takwas na yi alkawari."

Ta ce, "Bakwai na gaskiya ko takwas na tsaki?"

Masu tambayar teku, na je. Ranar ƙarshe da la'asar Baba ya kai ni. Ruwa ne ba shi da ɗaya gaɓar, yana ta zuwa yana komawa kamar wanda ya manta abin da aka aike shi. Na matsa in taɓa, ya zo ya ɗauke mini takalmi ɗaya ya tafi da shi. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da teku ke nan.

Alhaji Mamman bai gama sayar da albasarsa ba, don haka ni kaɗai na kamo hanya. Na sayi kwalbar alkol babba a farmasi na cusa a jaka. A mota aka haɗa ni kujera da wani dattijon malami mai dogon carbi, za shi Kandi. Muka gaisa da mutunci, har ya yi mini addu'a. Bayan mun yi nisa murfin kwalbar ya saki, abin ya jiƙa jakar ya gangaro kan wandona. Wari ya tashi. Malam ya shinshina, ya dube ni, ya matsa jikin taga. Can ya ce, "Ɗana, kana da iyali?"

Na ce, "Ina da su, Malam. Wannan na wanki ne, na'ura nake wankewa da shi."

Ya ce, "Kowa da sunan da yake ba ta."

Daga Paraku har Kandi yana yi mini nasiha, a hankali, ba tare da tozartawa ba. Nasiha ce mai kyau ƙwarai. Da zai sauka ya riƙe hannuna ya ce in yi alkawarin dainawa. Na duba na ga bayani ba zai yi ba, na yi masa alkawari.

Na kwana biyu a gida na yi fenti, na gwada na'urar da safe da rana har na gamsu. Ranar Asabar na ɗauki Zuwaira a babur muka tafi Tanda. Da gangan na zaɓi bayan azahar, lokacin da a da take fara ƙarya.

Matan suna ƙarƙashin mangwaro, sabon gumi na jere a buhuna. Na durƙusa daga nesa na gaida Inna Hajo, ta amsa tana kallon wani wuri, yadda aka saba. Wata mai suna Gwaggo Mariya, wadda ta fi kowa asara a wancan karon, ta ce da ƙarfi, "Mai karya shinkafar ce aka yi wa farar riga?" Aka yi dariya. Na haɗiye.

Na ajiye akwatin a inuwa. Na duba ƙofa ta takwas, allura na kwance. Na soka ƙusoshi a buhu bakwai na fara juya makunnin. Na ɗaya ya bushe. Na biyu, na uku, na huɗu, duk sun bushe. A na biyar allura ta ɗaga. Na shida da na bakwai lafiya. Na koma na biyar, ta sake ɗagawa. Na tambaya na wane ne, aka ce na Gwaggo Mariya.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Gwaggo, wannan da sauran danshi."

Ta miƙe ta ɗaure zane. Ta ce tare aka shanya, tare aka kwashe, in ina da wata a ƙasa da ita in faɗa a fili.

Sai Inna Hajo ta tashi. Ta bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗibar ƙwaya biyu uku tana ɓarewa, ta sa a baki ta ciza. Kowace ta ce ƙas. Da ta zo na biyar ta zura hannu can ciki har gwiwar hannu, ta ciro, ta ciza. Ba a ji komai ba. Ta tofar ta ce, "Mariya, ƙasan buhun nan bai sha rana ba. A mayar da shi yini ɗaya."

Gwaggo Mariya ta ɗiba ta ciza da kanta, ta fara kwance bakin buhun.

Ni kuwa wani abu ya tsaya mini a rai. Na matsa kusa da Zuwaira na ce a hankali, "Inna ta iya wannan, yaya aka yi wancan karon ta bari aka ƙara kwana uku?"

Ta ce, "Tun ranar farko ta san ta bushe. Ba ta so a ce surukinta ya yi ƙarya a gaban mata."

Na kasa ɗaga kai. Ina nan durƙushe ina naɗe wayoyi, sai na ji Inna ta yi gyaran murya. Ba ni ta kalla ba, 'yarta ta kalla.

Ta ce, "Zuwaira, ki gaya wa mijinki abin nan nasa ya fara hankali. In ya ci gaba da haka, nan da shekara biyu zai kamo haƙorina."

Matan suka fashe da dariya, ita ma ta yi. Shekara goma sha ɗaya ina surukinta, ranar na fara ganin dariyarta. Na saci kallo na ƙirga, haƙoran guda biyar ne.